Akwatin Ƙofar Gidan Nababa

In ka karɓi katin zaɓen duk wani baligi na ƙauyenmu, Tudun Ɗan Iya, ka duba inda aka rubuta rumfarsa, abu ɗaya za ka gani: Ƙofar Gidan Nababa. Mutum ɗari huɗu da wani abu ke yawo da sunansa a aljihu, shi kuwa mai sunan ko shugabancin kwamitin masallaci bai taɓa nema ba. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa.

Yadda sunan ya hau takarda ba wani abin alfahari ba ne. Shekarar da soja suka koma bariki, wasu ma'aikata biyu suka zo a kan babur suna neman inda za a riƙa kaɗa ƙuri'a. Iska ta yaye rufin firamarenmu, ƙofar gidan mai unguwa kuma rana ce ƙwal. A ƙofar gidan Nababa akwai tsamiya mai inuwa, shi kuma mutum ne da ba ya iya ganin baƙo a tsaye. Ya fito musu da benci da ruwan randa. Suka sha, suka tambayi sunan mai gidan, suka rubuta, suka hau babur. Iyakar siyasar Nababa ke nan.

Shi dai manomi ne, kuma a wajenmu wannan kalma ba ta nufin mai gona. Ƙasarmu ba ta da daji. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, duk inda ka taka akwai mai shi. Su bakwai ne maza a wurin mahaifinsu, da aka raba gado abin da ya faɗo wa Nababa wani siririn fegi ne, wanda in ka tsaya a wannan kai ka yi tari, na wancan kan zai ce maka sannu. Ya yi ta zuwa cin rani Kano, yana tura kurar ruwa a unguwanni, yana dawowa da tari da ciwon baya. Ana haka Alhaji Uwais, wani ɗan kasuwar hatsi da mahaifiyarsa 'yar garinmu ce, ya ci gādon gona babba a bayan gari, kusa da rafi. Ba shi da lokacin noma. A wajen wani suna ya kira Nababa gefe ya ce, "Je ka noma, ran da na buƙata zan faɗa maka." Ba takarda, ba sa hannu. Dattawa biyu ne suka ji, su ma sun daɗe a ƙasa.

Shekara ashirin da shida yana noma wannan gona. Da ita ya daina tura kura, da ita ya aurar da 'ya'ya mata uku, kuma daga ita baki goma sha ɗaya ke ci a gidansa har yau da nake wannan magana. In ka cire ta, abin da fegin gadonsa ke bayarwa ba ya kai su watan huɗu.

Alhaji Uwais kuwa ya shiga siyasa, ya tafi majalisa Abuja, ya koma, ya sake komawa, har sau huɗu. Kujerar yankinmu ba a fafata ta. Jam'iyya ɗaya muke yi tun kakanni, ko tunkiya aka liƙa wa fostarta za ta ci, sauran jam'iyyu kuma su tsayar da mutum don dai kada a ce ba su zo ba. To da yake an san mai ci tun kafin a buga ƙuri'a, abin da ake dubawa daban ne: wane akwati ya kawo nawa. Bayan kowane zaɓe a zauna a falon Alhaji a karanto akwatuna ɗaya bayan ɗaya, kuma da wannan jeri ake raba rijiyar burtsatse da takin zamani da buhunan azumi. Namu kullum yana cikin na gaba. Zaɓukan duk da rani ake yi, ba aiki, kowa na gida, fitowa ƙarƙashin tsamiya ma hira ce. Mutum ɗari uku da ɗoriya ke dangwalawa ba tare da wani ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ba.

A falon Alhaji kuwa abin da ake ji shi ne, "Ƙofar Gidan Nababa, ɗari uku da arba'in." Sai aka ɗauka shi ke kawo su. Aka fara ce masa Nababa mai akwati. In an zo rabon hula da shadda a ba shi nasa daban, in Alhaji ya zo gaisuwar mutuwa ya riƙe hannunsa a gaban jama'a. Ga laifin taubashina, kuma na sha faɗa masa: bai taɓa cewa shi ke kawo akwatin ba, amma bai taɓa cewa ba shi ba ne. Sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, kamar wanda aka yabi girkin matarsa. Abin na yi masa daɗi. Wa zai ga laifin wanda ya tura kura shekara goma don ya ji daɗin a riƙe hannunsa? Ni dai na gani, domin na san aikinsa a ranar zaɓe shara ce da benci da ruwan sha.

Bara, ana saura kwana kaɗan azumi, Alhaji Uwais ya rasu a asibiti. Aka yi ta'aziyya, aka watse, sai maganar zaɓen cike gurbi ta taso. Mutum biyu suka nemi tikitin jam'iyya. Akwai ɗan marigayin, Abdulrashid, wanda ya tashi a birni, ya yi karatu a waje, bai san hanyar ƙauyenmu ba sai da direba. Akwai kuma Malam Khalilu, tsohon hedimasta na ƙauyen da ke kusa da mu, wanda matarsa 'yar Tudun Ɗan Iya ce. Manya suka shiga ɗaki suka fito suka ce an yi maslaha, an bar wa yaro. Aka ɗan yi gunaguni a bakin shagon mai shayi, kwana biyu, aka manta. Mu abin da ke gabanmu a lokacin ba kujera ba ce, sama muke kallo. Watan shida ya yi nisa, ko ɗigon ruwa babu.

Saura mako biyu zaɓe, Ɗanliti ya zo. Shi ne ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu, gajere mai yawan dariya, irin mutanen da in suna dariya sai ka riƙa duba aljihunka. Ina zaune ƙarƙashin tsamiyar bayan la'asar ya kafe babur, aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi. Sannan ya juya ga Nababa.

"Malam Nababa, ya gonar marigayi?"

Shekara ashirin da shida ba wanda ya kira gonar nan da sunan kowa sai Nababa.

"Tana nan, ciyaman. Ruwa muke jira."

"Allah ya kawo. Ka san yaron nan ba kamar babansa ba ne. Alhaji mutane ya sani, shi kuwa takarda ya sani. Ran nan na shiga wurinsa, ga jerin akwatuna a wannan hannu, ga jerin gonakin gado a wancan. Ya ce da ni, wane ne wannan Nababa da na gani sau biyu?" Ya yi dariya, ya bugi cinyarsa. "Na ce ranka ya daɗe, mutumin babanka ne, ba a yi da shi a ji kunya."

"Na gode, ciyaman."

"Sai dai akwai masu kai masa magana cewa mutanen nan surukan Khalilu ne, za su noƙe. Na ce ƙarya ne. Kai dai ka kawo akwatinka yadda ka saba, shi ke nan."

Ya sha ruwa, ya tashi babur, ya bar mu da hayaƙi. Na ce da Nababa, "To mai akwati, yau ga ranarka. Bi shi ka gaya masa kai mai shara ne." Bai yi dariya ba. Ya ce, "In na faɗa yanzu, cewa za su yi na janye jiki."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ba ni haushi.

Washegari, mutumin da bai taɓa roƙon ƙuri'a ba ya fara bin gidaje. Abin tausayi, abin dariya. Sai ya yi sallama, ya zauna, ya yi maganar zafi da tsadar taki, ya tashi har ya kai bakin zaure, sannan ya juyo ya ce, "Af, ranar Asabar ta sama fa a daure a fito." Kowa ya ce masa in Allah ya kai mu, kuma kowa da gaske yake. Ba wanda ke da niyyar ƙin fita. Ba wanda ya ƙi Abdulrashid, ba wanda ya so shi, ba a san shi ba ne kawai.

Matarsa Hure ce ta fara hango abin. An fita roƙon ruwa sau biyu a makon, iri na cikin ƙwarya a kowane gida, an gyara ƙotar sungumi an jingine. Ranar Laraba tana miƙo masa tuwo, ni ina zaure ina ji, ta ce, "Malam, in ruwan nan ya sauka ranar Juma'a fa?"

Ya ce, "A'uzubillahi. To me kike so in roƙa, kada ya sauka?"

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba ba zai gane tambayar ba. Ƙasar yashi ce, ba ta riƙe danshi. In ruwan shuka ya sauka, washegari da asuba ake binne iri, musamman in damina ta makara. Wanda ya ƙara kwana ɗaya yana iya samun saman ƙasa ya bushe, kuma ba wanda ya san ran da wani ruwan zai dawo. Ranar shuka ko biki ɗagawa ake yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, awaki suka ruga gida, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Har aka yi magariba bai tsagaita ba. Gari ya ɗauki kabbara, mata na tara ruwa a bokitai, tsofaffi na hamdala. Na tsallaka kwata na shiga zauren Nababa a jiƙe ina murna, na same shi tsaye yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ya ce, "Alhamdu lillahi," da wata murya da ban taɓa jin an gode wa Allah da ita ba. Tsoro ya kama ni a lokacin, amma ni ma lissafin irin shukata nake yi.

Asabar da sassafe ya share ƙarƙashin tsamiya, ya kwashe ganyen da ruwa ya kakkaɓo, ya fito da tebur da benci. Ƙarfe takwas malaman zaɓe suka iso, 'yan hidimar ƙasa biyu da ɗan sanda ɗaya, da akwati da na'urar tantancewa. Suka jera kaya, suka zauna, suka dubi hanya. Ba kowa. Tun kafin gari ya waye maza da samari da tsofaffin mata duk sun fice, matan aure kuma na kan murhu suna haɗa abin da za a kai gona. Nababa ya hana 'ya'yansa maza biyu zuwa shuka, ya ce sai an tashi zaɓe. Su uku suka fara dangwalawa. Bayansu makaho Malam Yahya, da liman, da wasu tsofaffi da ƙafa ta daina kai su gona. Hure ta yafa mayafi ta bi gidaje, ta janyo mata kusan ashirin, wasu da gari a hannu.

Ni da ke ba ku wannan labari, ina gona. Ba zan ɓoye ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na hango shi yana tafe a kan iyaka, cikin farar rigarsa ta Juma'a, ƙasan rigar duk taɓo. Yana tsayawa wurin wannan, ya wuce wurin wancan. Iska na kawo mini amsoshin. "Yanzu za mu zo, Baba." "Haba Malam Nababa, yaron nan ai ya ci ya gama, ko da mu ko ba mu." "Bari mu kai ƙarshen nan." Ba wanda ya ɗaga kai sosai. Mai sara na gaba da sungumi, mai zuba iri na biye yana rufewa da diddige, ko'ina ka duba haka ne har iyakar gani. A tsakiyar wannan duka ga gonarsa shimfiɗe, baƙa wuluk da danshi, ba sawun kowa a cikinta.

Ya iso wurina ya tsaya. Bai ce in zo ba. Ya dubi ƙwaryar irina, ya dubi abin da ya rage mini.

Na ce, "Saura layi goma sha biyu, mai akwati. Ƙarfe nawa ake rufewa?"

"Biyu da rabi."

"Kafin nan na zo. Ka ajiye mini benci."

Ya gyaɗa kai ya wuce. Manomi ne, ya san layi goma sha biyu ba sa ƙarewa a inda aka ce za su ƙare. Da na gama su sai na ga gefen rafi ma da danshi, na ce bari in jefa dawa. Da na ɗaga kai rana ta karkata.

Uku saura muka iso, mu wajen arba'in, da sungumi a kafaɗa. Yarinyar da ke riƙe da na'ura ta ce lokaci ya wuce, wanda ba ya kan layi tun biyu da rabi ba zai yi ba. Ba ta yi laifi ba, dokarta ta bi. Muka yi hayaniya kaɗan, ɗan sanda ya miƙe, muka yi shiru. A gabanmu aka zazzage akwatin a kan tebur, ƙuri'un ko rufe katakon ba su yi ba. Arba'in da ɗaya. Talatin da huɗu na Abdulrashid, biyar na sauran, biyu sun lalace.

Ɗanliti ya iso ana manna sakamakon a jikin tsamiya. Ya fito da waya ya ɗauki hoton takardar, ya ɗauki hotonmu muna tsaye da taɓo har gwiwa. Ya ce, "Ashe ku an yi muku ruwa." Ya yi dariyar nan tasa ya tafi. Sai a lokacin muka ji cewa ruwan bai tsallake kwalta ba. Mu da ƙauyuka biyu kawai ya sauka wa, su kuma rumfunansu a makaranta suke, ba sa ɗauke da sunan kowa.

Abdulrashid ya ci da ratar da ko a rediyo ba a tsaya nanata ta ba. Ƙuri'unmu ɗari uku da ba a kaɗa ba, da an kaɗa su ko gashin girarsa ba za su motsa ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har gobe.

Nababa ya yi shuka ranar Lahadi, Allah ya taimake shi aka sake ruwa ranar Talata. Amma kafin gero ya rufe ƙasa magana ta zagaya cewa Tudun Ɗan Iya ta yi zagon ƙasa saboda Khalilu, kuma mai akwatin ne ya ce a tafi gona. Ya saka shaddar da marigayi ya ba shi, ya hau mota ya je gidan sabon ɗan majalisa yin murna. Ya zauna a rumfar baƙi tun hantsi har aka kira la'asar, aka ce Honarabul ya fita ta ɗaya ƙofar. Mu dattawa shida, da liman a gaba, muka je wurin Ɗanliti muka ce mu ne muka ƙi fitowa, ba Nababa ba, a haɗa mu da yaron mu yi bayani. Ya ce, "Haba Malam, wa ya ce an yi laifi? Ba wanda ya ce komai."

Kuma ba wanda ya ce komai ɗin. Da an zo an yi faɗa, da an san inda za a ba da haƙuri. Shiru aka yi. Aka yi noman farko, aka yi maimai. Ran nan gero na fid da kai, wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a bakin rafi, mutum biyu suka fito suka zagaye gonar da ƙafa, ɗaya na kallon waya, suka koma suka tafi ba su yi wa kowa sallama ba. Nababa na tsakiyar gero yana ganinsu, bai fito ba. Daga ranar ya rage ci. Hure ta fara auna hatsin tuwo da ƙaramin kwano tun rumbu bai nuna alamar komai ba.

Kaka ta zo da albarkar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Ya ɗaure dami biyu mafi kyau, kamar yadda yake kai wa marigayi duk shekara don godiya, ya kai gidan ɗan majalisar. Mai gadi ya ce ya ajiye can. Ya dawo yana cewa tunda an karɓa ai da sauƙi, ni kuma na ce masa haka ne, domin ba ni da abin da zan ba shi sai wannan. Wata ɗaya, biyu, huɗu. Har ya fara dawowa da hirarsa.

Da zafin bazara ya kankama aka fara fitar da taki. A wajenmu duk abin da awaki da tumaki suka tara a gida tun kaka, da toka da shara, a mangala ake loda shi a kan jaki a kai gona, a zuba tsibi-tsibi kafin ruwa. Kuma kowa ya san ƙa'ida: wanda takinsa ke kan gona, shi zai noma ta bana. Wanda ya ba da aron gona, in yana son karɓar abarsa kuma yana jin nauyin buɗe baki, ba ya aike. Taki yake zubawa.

Ranar wata Litinin da hantsi muka fita tare, domin hanyarmu ɗaya ce, kowa da jakinsa. Muna karya kwanar rafi wari ya fara tarar mu, ba irin na awaki ba, na kashin kajin gidan gona, wanda ake sayowa daga bakin birni. Sannan muka gani. Tsibi tara, manya, a jere daga wannan kai zuwa wancan, ga sawun tayar tifa ya tattake iyaka ya shiga ya fita.

Nababa ya tsaya cak. Jakin kuwa bai tsaya ba. Shekara tara yana wannan hanya, ya shige gonar da kansa, ya je daidai inda aka saba fara zubawa, ya tsaya yana jiran a sauke masa kaya. Nababa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tattare rigarsa ya shiga, yana taka ƙasar a hankali kamar ya shiga ɗakin wani, ya kama igiyar ya ja. Jakin ya turje. Ya sake ja, ya sa kafaɗa ya tura shi, har ya fito da shi kan hanya da kayansa a bayansa.

Ya tsaya yana haki, igiyar a hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ɗin ina zan kai shi?"